Yadda ake renon bishiyar almon a gida a ƙasar Kabi, tun daga ƙwallo har ta yi 'ya'ya

Shekarar da yayata ta sauke farali, cikin tsarabar da ta kawo mana har da ƙullin lauz, wato almon, ɗanye wanda ba a soya ba. Na ware ƙwara goma sha biyu na ce sai na ga bishiyar abin nan a tsakar gidana a Birnin Kebbi. Na jiƙa su, na naɗe cikin tsumma mai danshi, na sa a firiji sama da wata guda kamar yadda masu shuka shi suke yi. Huɗu suka tsiro, biyu suka rayu har suka kai mini ƙirji. Fure ko ɗaya ban gani ba. A bazara ta uku ganye ya fara ƙonewa daga gefe, ɗaya ta bushe cikin zafin Afrilu, ɗayar kuma ta kai damina amma saiwarta ta ruɓe a watan Agusta. Ruwa ban yi musu rowarsa ba, taki ma haka.

Na kai kukana wurin wani dattijo mai lambu a bakin fadama, kan hanyar Argungu. Ya saurare ni har na gama, sannan ya nuna mini wata bishiya mai faffaɗan ganye da tumakinsa ke kwance ƙarƙashinta, ya ce, "Ɗana, wancan iccen da ka wahala a kai na ƙasar sanyi na. Ga wanda ya san ranarmu." Na ce, "Baba, ai wannan furut ce, wadda muke jifa muna yara." Ya ce ita ɗin fa.

Daga baya na fahimci dalili. Lauz ɗin da ake sayarwa a manyan kantuna, wanda ake samun mansa a shagunan magungunan Musulunci, dangin su tuffa ne. Asalinsa yankin Iran da tsakiyar Asiya, a yau kuma Kalifoniya ta Amurka ce ke noma kusan kashi 80 cikin 100 na wanda duniya ke ci. Bishiyarsa ba ta yin fure sai ta yi barcin sanyi: galibin ire-irenta suna son awa 200 zuwa 600 cikin sanyin da ya sauka ƙasa da digiri 7. Hunturunmu kuwa, duk rawar ɗarin da muke yi a Janairu, da asuba yakan tsaya ne a wajen digiri 15. Sannan lauz na son ruwan sama lokacin sanyi da fari lokacin zafi, mu kuma ruwanmu da zafi yake zuwa, abin da ke jawo masa ruɓar saiwa da cututtukan ganye. Idan ka ga an tallata wani iri a intanet an ce mai juriya ne, kamar wanda ake kira Hall's Hardy, juriyar sanyi mai daskarar da ruwa ake nufi. Wannan ma ya fi sauran buƙatar sanyi. Kada ka kashe kuɗinka a kansa.

Almon ɗin da ke jure ƙasarmu ita ce wadda wasu ke ce wa furut, wasu ambarela saboda rassanta sun baje kamar laima. Masana tsirrai suna kiranta Terminalia catappa. Daga gaɓar tekun Asiya da arewacin Ostireliya ta fito, amma a nan ba baƙuwar dangi ba ce, domin gida ɗaya take da baushe da marke da sabara da geza. Tana ba da inuwa mai kauri, tana girma da sauri, kuma ƙwayar cikin ƙwallonta ana ci, ɗanɗanonta ya yi kusa da na lauz. Ga yadda nake renon ta.

Fara da wurin, kafin iri

Kuskuren da ba ya gyaruwa a nan ake yin sa. Dashen da ka riƙe da hannu ɗaya yau, nan da shekara goma zai iya kai mita 10 ko 15, inda ya ji daɗi ma ya wuce haka. Saiwarta kuma ba ta nutsewa ƙasa kaɗai, tana bin saman ƙasa tana neman danshi, kuma in ta yi kauri tana ɗaga siminti. Don haka ka ba ta tazarar aƙalla mita 6 daga ɗaki da katanga, mita 8 ya fi kwanciyar hankali, kuma ka nisanta ta da salga da sokawe da rijiya da bututun ruwa. Mai fili ƙafa 50 a 100 da bai cika shi da gini ba zai samu wurin guda ɗaya. Mai 50 a 50 gara ya kai ta ƙofar gida, bayan ya yi magana da maƙwabcinsa, don rassan da ganyen ba su san iyaka ba.

Ɗaga kai ka duba wayar lantarki. Duba kuma inda uwargida ke shanya da inda ake ajiye mota ko babur, saboda idan ta fara 'ya'ya jemagu za su riƙa zuwa da dare, kuma ruwan 'ya'yan yana da rini mai wuyar fita daga tufa. In kana da zaɓi, sa ta yamma da ɗakunan kwana. Ranar la'asar ce ke gasa bango har dare ya yi ɗaki bai huce ba, kuma ita za ta tare maka.

Ƙasar jigawa mai yashi ta yi mata, tun da can asalinta a yashin bakin teku take. Abin da ba ta so shi ne laka mai riƙe ruwa kwana da kwanaki. Haƙa rami santimita 60 a faɗi, 60 a zurfi, wato kamar ƙafa biyu kowane gefe, ka cika shi da ruwa da yamma. Idan gari ya waye ruwan ya tsotse, wurin ya yi. Idan har yamma ta sake yi yana nan tsaye, sauya wuri ko ka tara tudu ka dasa a kansa. In ka ci karo da marmara, sa diga ka fasa ta, kada ka bar ramin kamar kasko.

Zaɓen iri

Ba kowace bishiyar furut ke da ƙwayar kirki ba. Wata ƙwallon babba ne amma in ka fasa sai ka tarar da abu siriri kamar tsinke. Tun da shekaru za ka yi kana jira, kada ka tsinci iri a duk inda ka gani. Nemi bishiya mai lafiya a unguwarku ko makarantar yara ko harabar masallaci, ka nemi izini, ka tsinci 'ya'ya goma da suka nuna suka faɗo, ka fasa a nan take. Idan bakwai ko takwas suna da ƙwaya cikakkiya mai gardi, to daga wannan uwar za ka ɗebi iri. Ɗan ba lallai ya gado uwar tsaf ba, amma ya fi a yi shuka da ka.

Ɗauki waɗanda suka yi ja ko rawaya, ba kore ba. Kankare naman jikinsu da wuƙa ko ka goga a kan dutse, ka wanke, ka shanya a inuwa kwana uku zuwa biyar. Kada ka fasa ƙwallon don fito da ƙwayar ka shuka ta tsirara; tururuwa da ruɓa za su riga ka. Kada kuma ka ajiye irin ya shekara, gwargwadon daɗewarsa gwargwadon raguwar tsirarsa, cikin 'yan watanni ake so ya shiga ƙasa.

Akwai abin da ke ruɗa manoma a nan. Mun saba zuba iri a ruwa mu zubar da wanda ya taso sama. Wannan gwajin ba ya aiki a kan furut. Ɓawon ƙwallonta kamar soso yake, lafiyayye ma tasowa yake yi, da haka ne ma teku ke ɗaukarsa daga wannan gaɓa zuwa waccan ya je ya tsiro. Saboda haka jiƙa su kwana ɗaya cur, ka danne da wani abu mai nauyi don su nutse, kada ka zubar da ko ɗaya don ya yi iyo.

Wanda ba ya son wannan hidima yana iya sayen dashe. Sai dai ya lura, masu sayar da dashe a bakin titi suna da wata 'yar'uwarta da suke kira satalayit, ita ma rassanta hawa-hawa ne, amma ganyenta ƙanana ne kuma ba a cin 'ya'yanta. Ta cin tana da ganye faffaɗa mai sheƙi, tsawonsa ya kai santimita 15 zuwa 25, ya fi faɗi ta wajen ƙarshe. Haka kuma ƙarƙashin tsohuwar bishiya akan samu 'yan tsiro da damina. Wanda bai wuce ganye huɗu ba ana iya tono shi da ƙasarsa a mayar leda.

Reno a leda

Ni a Fabrairu ko farkon Maris nake shukawa, don dashen ya isa fita daidai lokacin da damina ta zauna. Haɗa ƙasar sama kashi biyu, yashi kashi ɗaya, ruɓaɓɓen kashin shanu kashi ɗaya. Ruɓaɓɓe na ce, wanda ya yi baƙi ya daina wari da zafi. Zuba a baƙar ledar dashe mai ɗan zurfi, ko galan da aka yanke, ka huda gindin wuri huɗu ko biyar. Kwantar da ƙwallon a kan gefensa, kada ka tsayar da shi, ka rufe da ƙasa kaurin yatsa biyu. Shuka leda biyar ko shida ko da guda ɗaya kake so.

Ajiye su a inuwar rumfa ko gindin dogon yaro, ka riƙa yayyafa ruwa safe da yamma, ƙasar ta zauna da danshi ba tare da ta yi caɓi ba. Sai haƙuri. Tsiro yana fitowa tsakanin mako 3 da mako 8, kuma ba tare suke fitowa ba. Na ga mutane sun juye leda a mako na huɗu sun tarar da saiwa ta riga ta fito, sun karya ta. Farkon abin da za ka gani ganye biyu ne a nannaɗe kamar tabarma, su warware su yi faɗi. Ganyen gaskiya daga baya yake biyowa.

Duk mako biyu ka ɗaga ledar ka gusar da ita, don kada saiwa ta bi hudar ta kama ƙasa. Idan dashen ya kai santimita 25 zuwa 30, abin da kan ɗauki wata uku zuwa huɗu, ya isa. Mako biyu kafin dasawa ka fara fito da shi rana, yau awa biyu da safe, gobe uku, har ya saba wuni a waje. Zaɓi mafi kauri da miƙewa, sauran ka raba wa maƙwabta.

Ranar dashe

Kada ruwan farko ya ruɗe ka. A Birnin Kebbi da Argungu da Gwandu yakan sauka sau ɗaya ko biyu ya ɗauke mako biyu ko uku. Jira ƙarshen Yuni zuwa tsakiyar Yuli. Mutanen Yauri da Zuru, da daminarsu ke riga tamu, suna iya gabatar da mako biyu zuwa uku. Kada kuma ka kai Satumba, dashen ba zai samu lokacin kafa saiwa ba kafin iska ta juya.

Ramin da ka haƙa tun farko, cakuɗa ƙasarsa ta sama da bokiti ɗaya na ruɓaɓɓen taki ka mayar, ka bar shi ya kwanta mako guda ko biyu. Ranar dashe ka bari sai bayan la'asar. Shayar da ledar tukuna, sannan ka tsaga ta da reza daga gefe, ka cire gaba ɗaya ba tare da ƙasar ta warwatse ba. In saiwa ta nannaɗe a gindin leda, warware ta a hankali da yatsa. Zaunar da dashen yadda wuyansa zai yi daidai da fuskar ƙasa, kamar yadda yake cikin ledar. Binne wuya ya fi komai saurin kashe dashe. Danna ƙasar da tafin hannu, yi masa ɗan fangali mai faɗin mita ɗaya kewaye, zuba ruwa jarka guda. Kafa sanda a gefe ka ɗaure da tsumma sako-sako saboda guguwar farkon hadari.

A ranar nan, ba gobe ba, ka yi shinge. Akuya ba ta jiran ka samu sarari, kuma in ta cinye kan dashen, wata uku na reno sun tafi. Waya ko ƙaya ko tsohon kwando marar gindi ko bulo da aka jera da ƙofofin iska, duk wanda ya samu, amma ya kai ƙugu a tsayi, kuma a ƙara masa tsayi in dashen ya taso. Shekara biyu zai yi a tsare.

Rani na farko

Damina kowa gwani ne. Abin da ke raba wanda zai sha inuwa da wanda zai sake shuka shi ne watannin nan daga Nuwamba zuwa Mayu. Bishiyar nan ta fi sakewa inda ruwan shekara ya kai milimita 1,000 ko fiye. Birnin Kebbi kusan 800 muke samu, kuma cikin wata huɗu yake zuba ya ƙare. Giɓin nan kai za ka cike shi har saiwarta ta kai ga danshin ƙasa.

Yadda nake yi: daga ɗaukewar ruwa zuwa ƙarshen hunturu, jarka ɗaya ta lita 20 duk bayan kwana uku. Daga Maris zuwa saukar ruwa, lokacin da zafi ke haura digiri 40, jarka ɗaya kwana bi kwana, in ƙasar yashi ce zalla kullum. Da yamma ko da sassafe. Shayarwa mai yawa jefi-jefi ta fi yayyafi kullum, domin yayyafi yana koya wa saiwa zama a sama, ita kuwa saiwar sama ita ce gobe za ta tayar maka da daɓe. Shekara ta biyu sau biyu a mako ya isa. Daga ta uku sau ɗaya a mako cikin bazara, wanda kuma ke kusa da fadama ko bakin Neja wataƙila ya huta gaba ɗaya.

Ga mai sayen ruwa wurin 'yan garuwa, akwai dabarar da ta rage mini kashe kuɗi. Samu tulu ko ƙaramar randa ta ƙasa wadda ba a shafa wa komai ba, ka binne ta har wuya, tazarar kamar taƙi biyu daga gindin dashen, ka cika da ruwa ka rufe bakin saboda sauro. Tana tsatsafowa a hankali daidai inda saiwa take. Ruwan alwala ma kada ya tafi a banza. In wurin alwalar gidan yana kusa, ja masa 'yar hanya zuwa fangalin. Ruwan wanki mai omo da bilic kuwa a kai shi wani wuri.

Sai rufe ƙasa. Allah Ya hore mana buntu da karan shinkafa a jihar nan, a shimfiɗa kaurin yatsa huɗu cikin fangalin, danshi zai fi daɗewa. Amma a bar tazarar tafin hannu tsakanin shimfiɗar da jikin dashen, don gara. Gara ita ce babbar abokiyar gabar dashe a rani, musamman wanda ƙishi ya raunana. Duk mako ka duba gindin. In ka ga ta fara gina ƙasa a jikin ɓawon, kankare. Daka 'ya'yan dogon yaro cikin tafi biyu, jiƙa a bokiti ya kwana, tace ka zuba kewaye. Ana barbaɗa toka ma, amma kaɗan, domin in ta yi yawa tana sauya ƙasar har sabon ganye ya riƙa fitowa rawaya jijiyoyinsa kore.

Taki ba ya buƙatar dogon bayani. Bokiti ɗaya na ruɓaɓɓen kashin dabbobi a farkon damina, wani a ƙarshenta. Mai son ƙarawa da na zamani ya jira shekara ta biyu, ya sa NPK 15-15-15 cikin tafi ɗaya a da'ira nesa da gindi, ƙasa na da danshi, ya rufe. Ɗanyen kashin kaji ƙona saiwa yake yi.

Idan ganye ya yi ja

Wata rana cikin hunturu za ka fito ka ga ganyen ya koma ja kamar an zuba masa jini, kwana kaɗan ya zube. Mutane da yawa a nan suke firgita, su yi ta ambaliya da ruwa ko su ce ta mutu su sare. Ɗabi'arta ce. Tana zubar da ganye sau ɗaya ko biyu a shekara, kuma ba da jimawa ba sabo ke fitowa kore shar. In kana shakka, kankari ɓawon reshe da farce. Muddin cikin kore ne, tana raye.

Gaskiya shara tana da yawa a lokacin, kuma wadda ke riƙe da tsintsiya ya kamata a yi shawara da ita tun kafin a dasa. Kada a ƙone ganyen. A tara a rami a riƙa zuba masa ruwa da kashin awaki, kafin damina ya zama taki.

Gyaran rassa

Girmanta hawa-hawa ne kamar bene: kan ya miƙe, ya tsaya, ya fitar da rassa huɗu ko biyar a kwance kewaye, sannan ya sake miƙewa. Wannan ya sa gyaranta ke da sauƙi. Shekarar farko kada ka taɓa komai, kowane ganye abinci yake dafa wa saiwa. Idan ta yi hawa uku, cire na ƙasa. Bayan shekara ka cire na biye, har rassan farko su wuce kan mutum tsaye da hannunsa a ɗage. Hawa ɗaya a lokaci guda. Yi amfani da zarto, ka fara ɗan yanka ta ƙasan reshen kafin ta sama don kada ya ɓalle ya yage ɓawon jikin. Sara da adda yana barin rauni mai tara ruwa, nan gara da ruɓa ke shiga.

A gida ba ka buƙatar ta kai tsayin da take iya kaiwa. Idan ka samu hawa uku ko huɗu a saman kai, yanke kan na tsakiya daidai saman hawa na ƙarshe. Za ta baje gefe, inuwa ta ƙaru, iska kuma ba za ta yi mata illa sosai ba. Za ta riƙa ƙoƙarin fitar da sabon kai, ka riƙa cirewa. In ka hangi kauci a wani reshe, yanke reshen tun bai yaɗu ba. Fara da tsutsa sukan huda ganye, amma bishiyar da ta kafu ba ta damuwa da su. Dashe ƙarami ne ake tsince masa da hannu ko a fesa masa ruwan dogon yaro.

'Ya'ya

Wadda ta samu ruwa takan fara a shekara ta uku zuwa ta biyar. Bishiya ɗaya ta wadatar, ba sai da abokiya ba. Furen ƙanana ne farare-farare a jere kan siririn zangarniya, mafi yawansu maza ne, 'yan na wajen gindin zangarniyar ne kaɗai ke ɗaure 'ya'ya. Don haka in ka ga fure na zuba da yawa a ƙasa, ba ciwo ba ne. Kada dai ka yi feshin maganin ƙwari lokacin, ƙudan zuma da sauran ƙwari su ke yi maka aikin.

Ɗan ya kai santimita 5 zuwa 7, kore ne, ya koma rawaya, ya koma ja. Naman na sama ana ci, da zaƙi-zaƙi da ɗan bauri. Hana yara jifa, dutse yana karya toho kuma yana sauka a kan mutane. Wanda ya nuna da kansa yake faɗowa, a tsince kowace safiya. A cire naman, a shanya ƙwallon a rana mako ɗaya zuwa biyu har in an girgiza a ji motsi ciki. Wurin fasawa, tsayar da shi a kan kaifin gefensa bisa dutse, ka buga ɗaya kaifin da guduma. In ka kwantar da shi ka buga a ciki, ƙwayar za ta dagargaje.

Ƙwayar siririya ce, kuma sai an yi zaman fasawa kafin a cika gwangwani, saboda haka wanda ke lissafin buhuna kamar na gyaɗa ya sauke lissafin. Abin gida ne. Kusan rabin nauyinta mai ne, shi ya sa take da gardi, shi ya sa kuma ba ta jure ajiya bayan an fasa. Ana ci ɗanya, amma in aka ɗan soya a kasko ba mai, wuta kaɗan, ƙamshinta ya fi fitowa. A gidana mukan daka ta tare da gyaɗa a dama kunu. Duk wadda ta yi funfuna ko ta yi ɗaci a zubar. Abin da ba za a ci cikin mako ba a bar shi cikin ƙwallonsa, a buhun da iska ke shiga, a rataye inda ɓera ba ya kaiwa. Cikin waɗanda suka fi girma ka ware goma, ka shanya su a inuwa maimakon rana, su ne irin da za ka sa a leda.